Injin da Zai Kai Safiyya Manchester

Injiniya Sa'idu Garba ya rasu. Da safiyar nan labarin ya iso ni, ina tsaye a kicin a Withington, nan Manchester, ruwan shayi bai ko tafasa ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙanwarsa Hajiya Hadiza ce ta kira ni. Ta ce ya cika jim kaɗan bayan sallar asuba a wani asibiti a Birmingham, inda aka kwantar da shi tun ranar Talata saboda ciwon zuciya. Matarsa Hajiya Asabe da 'yarsu Safiyya suna gefensa. Ya samu yin kalmar shahada.

Na daɗe ina rubuta labarin rasuwa a jarida, na san yadda ake jera shi: suna, shekaru, ciwo, waɗanda aka bari. Yau na jera, na karanta, na ga babu Sa'idu a ciki. Ku yi haƙuri da ni, zan ɗan yi tsawo.

A Stratford Road muka haɗu, a Sparkhill. Na je Birmingham wani suna, motata ta mutu a tsakiyar titi, bas na bayana direban yana ta danna hon. Ina waya da matata ina gaya mata halin da nake ciki, sai wani dogon mutum ya fito daga shago da ledar burodi.

"Malam, Hausa nake ji? Buɗe bonet."

Ya miƙo min burodin na riƙe masa. Ashe kan batir ne ya kwance. Da na fara godiya ya ce ba ya karɓar godiya a titi, sai dai in bi shi gida in ci tuwo.

A wurin aiki injiniyan jiragen ƙasa ne, masu amfani da lantarki. Yakan ce, "Litinin zuwa Juma'a ina kula da abin da ba ya magana. Ranar Asabar nake zuwa wurin mai baki."

Mai bakin shi ne wani tsohon injin motar Amurka, V8, mai silinda takwas, irin manyan nan da masu harkar ke kira big-block. A rumfar wani manomi ya samo shi tare da gangar jikin motar, duk tsatsa, kaji sun mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Ya ce yana yaro a Fagge akwai wani attajiri mai irinta, tun tana kwana ake jin ta a ƙirji kafin ta iso kunne. Wannan rugugin ne bai bar shi ba har Ingila.

Ya kama hayar gareji a bayan layinsu, ya kwance injin har noti na ƙarshe. Mayar da shi yadda yake bai ishe shi ba, ƙarin ƙarfi yake so. Ya kai aka faɗaɗa ramukan silinda, ya sa manyan fistin, ya canza karanshaf zuwa wanda ke ba fistin doguwar tafiya. Kawunan silinda na asali ya ajiye su gefe, ya ɗora na alminiyum masu faɗin ƙofa, don injin ya riƙa shaƙar iska sosai. Sabuwar kafireta, sabuwar salansa. Kowane noti da ma'auninsa yake ɗaure shi, bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe. In ka yi masa magana yana cikin ɗauri, ba zai yi faɗa ba, sai dai ya koma farko, kai kuma kunya ta ishe ka.

Wata rana a gabana Hajiya Asabe ta ce, "Injiniya, ƙasar da ko'ina kyamara ce, ba a wuce mil saba'in, ƙarfin dawaki ɗari biyar ɗin da kake nema wa injin nan ina za ka kai shi?"

Ya ce, "Ai ba gudu nake nema ba, Hajiya. So nake ya hau tudu da kaya kamar bai san da su ba."

Shi ma haka yake ɗaukar kayan mutane.

Shekarar da matata ta yi doguwar jinya, duk Lahadi sai ga shi a ƙofarmu, ya taso tun daga Birmingham. Bai taɓa cewa dubiya ya zo ba.

"Edita, birkinka na zo dubawa."

Kulolin abincin Hajiya Asabe kuwa suna bayan mota, wai hanya ce ta biyo da su. Birkin nan ya sha dubawa har Allah Ya ba matata lafiya.

Edita yake kirana, kuma bai taɓa gajiya da tsokanata a kan cewa ba na yarda da magana sai na ji ta daga majiya biyu. "Ko ruwa ake tsugawa a Manchester, sai Edita ya tambayi mutum biyu kafin ya buɗe lema."

Muna can muna zancen fistin, ashe ɗana Mubarak da Safiyya sun daidaita tun a uni. Ranar da ƙannena suka kai gaisuwa, da yamma ya kira ni.

"To Edita, mun zama surukai. Kunyar juna za mu fara ji, ko za ka zo ka riƙe min fitila?"

Na je na riƙe fitilar.

Aka sa biki ƙarshen watan gobe, amarya za ta tare a wani flat a Rusholme, nan cikin Manchester. Daga nan injin ya tashi daga abin ɗebe kewa na ranar Asabar. Kowa ya san uba ba ya raka 'yarsa ɗakin miji. Zai yi mata nasiha, ya sa mata albarka, ya koma ciki, iyaye mata su tafi da ita. Sa'idu bai yi jayayya da wannan ba. Abin da ya ce min shi ne, "Ni ba zan je ba, ba a yi. Amma abin da na haɗa da hannuna, shi zai kai ta har ƙofa."

Direba ma ya riga ya zaɓa: Hajiya Hadiza. Ita ce gwaggon amarya, dama dole tana cikin motar, kuma a Kano ta koyi tuƙi, sitiyarin hagu irin na motar Amurka ba baƙonta ba ne.

Abu ɗaya ya tsaya a gaba, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul tana rufewa. Irin wadda ya sa ta tsohon yayi ce, kuma tana da sharaɗi. Ranar da aka fara tayar da injin, dole a riƙe totur sama na minti ashirin, don baƙin mai ya riƙa watsuwa a kanta har ta saba da ƙarafan da take guga. In aka bar injin ya koma silo, sai ta fara cin kanta, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina, a sake kwance komai.

Ya taɓa asarar guda bara, kuma gaisuwa ce ta ci ta.

Injin ya tashi, hannunsa na kan totur, sai ga wani dattijo daga masallacinsu ya yi sallama. Sa'idu ba zai miƙa wa babba hannu ɗaya ba. Ya saki totur ya ba shi biyu. An wuni lafiya, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, ana jin mutanen gida? Kafin a iso kan madalla injin ya daɗe yana silo. Ba a jima ba ya fara ƙas-ƙas daga sama.

Na tambaye shi ko ya gaya wa dattijon. Ya ce, "In ce masa me? Shi lada ya zo ba ni."

Sabuwar daga Amurka aka yo odarta, ta daɗe a hanya. In ita ma ta lalace, babu lokacin samo wata kafin biki. Duk mun san haka ranar Asabar da ta wuce, ganina da shi na ƙarshe.

Injin yana kan ƙafar ƙarfe a bakin gareji, ba a kai ga ɗora shi a mota ba. Sa'idu ya raba mana aiki. Ni in sa ido a agogon mai da na zafi. Hajiya Hadiza ta zagaya da tocila tana neman yoyo. Hajiya Asabe kuwa ya ajiye mata kujera da filas ɗin shayi a bakin lungu.

"Duk wanda ya zo, ki gaisa da shi har ya gaji."

Na ɗauka shi zai riƙe totur. Sai ya kira Safiyya.

"Abba, ni fa pharmacist ce. I count tablets."

"Shi ya sa. Hannunki ba ya rawa. Kuma ke ba ki iya doguwar gaisuwa ba."

Hajiya Hadiza ta ce, "Yau dai rashin Hausar 'yan Birmingham ya yi rana."

Ya yi bismilla ya murɗa makulli. Tashi ɗaya. Ƙofar garejin ta kama karkarwa, kofin shayina ya fara tafiya da kansa a kan tebur. Na gane abin da yake nufi da jin mota a ƙirji.

An kai kamar rabin lokacin sai na ga ya zauna a kan wata taya, ya dafe ƙirji, gumi na keto masa. Safiyya ta gani. Ta ƙwala, "Abba!" Allurar agogo ta fara yin ƙasa.

Ya ɗaga yatsa. "Kada ki sassauta!"

"Zan kashe shi!"

"Hayaƙi ne kawai. Riƙe!"

Hajiya Hadiza ungozoma ce. Ta ajiye tocila ta fito da shi iska, ta kama tsintsiyar hannunsa tana duba agogonta. Ya ƙi yin nisa. A bakin ƙofa ya tsaya inda 'yarsa za ta gan shi, yana nuna mata da yatsu sauran mintin da suka rage. Ita kuma ido ɗaya a allura, ɗaya a kansa, hawaye na zuba, hannun bai ƙara motsi ba.

Da lokaci ya cika aka kashe. Ya jira injin ya huce, ya kwance matatar mai, ya yanka ta, ya baza takardar cikinta a hasken rana. Ya juya ta, ya sake juyawa. Babu ƙyalƙyalin ƙarfe ko kaɗan.

"Alhamdu lillahi. Amarya ta samu mota."

Amaryar ba ta yi dariya ba. Ita da gwaggonta suka dage a tafi asibiti a lokacin, ya ƙi. A ƙarshe ta ce, "To Monday, GP. In ba haka ba wallahi ba zan shiga motar ba."

Ya dube ni. "Ka ji, Edita? Ka gargaɗi ɗanka. Tun ba a kai ta ba ta fara mulki."

Ya je wurin likitan ranar Litinin, washegari aka kwantar da shi. Ina gode wa Allah da wannan rantsuwar ta Safiyya. Ba don ita ba, da wataƙila a gareji zai faɗi shi kaɗai. Ya tafi a gaban iyalinsa, da shahada a bakinsa.

Da zan tafi ranar Asabar ɗin ya rako ni har mota. Ya zagaya ta kamar yadda ya saba, ya shuri tayar baya.

"Edita, ka ƙara mata iska kafin ka hau titin M6."

Na tsaya a gidan mai na auna. Ta yi ƙasa kuwa. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan ido da ido.

Yana kwance a asibiti, maƙwabcinsa mai gareji ya kai masa injin wurin masu dyno, na'urar da ke auna ƙarfin inji. Jiya Laraba mai wurin ya kira ya ce injin ya wuce adadin dawakin da Sa'idu yake nema. Safiyya ta kai masa labari a gado. Ta ce ya yi murmushi, sannan ya tambaya, "Gwaji nawa ya yi?"

"Ɗaya, Abba."

"To kada ki gaya wa Edita. Majiya ɗaya ce."

Ɗazu ta ba ni wannan labarin a waya, tana kuka tana dariya.

Maganar biki sai manya sun zauna bayan an share makoki, ba yau ba. Amma kafin Hajiya Hadiza ta ajiye waya ta ce min, "Ko yaushe aka sa ranar, ni zan tuƙa. Yaya ya ce har ƙofa." Maƙwabcin ya ce zai ɗora injin a mota. Ni zan riƙe fitila.

Na gode wa Allah da Ya kashe min mota a Stratford Road a wannan ranar.

Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa Sa'idu, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sauƙaƙa masa hisabi kamar yadda ya riƙa sauƙaƙa wa mutane ba tare da ya bari sun ji nauyi ba. Ka ba Hajiya Asabe da Safiyya da Hajiya Hadiza haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a, ko ya san shi ko bai san shi ba.

Ba a tsayar da lokacin jana'iza ba tukuna, ana jiran takardun asibiti. Gwaji na biyu kuma mai dyno ya ce sai ranar Litinin. Har sai an yi shi, ba zan rubuta adadin dawakin ba.