Wayar da Muhandis Haruna Ya Ɗauki Laifinta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura takalmi saƙo ya shigo: Muhandis Haruna ya rasu a gidansa na unguwar Rusaifa.

Shi ne muhandis, wato injiniyan lab ɗinmu, lokacin da nake masters a nan Makka. Haifaffen garin ne, amma Sakkwatancin kakanninsa bai bar bakinsa ba. Da ya ji ni baƙo ne daga Kano, kullum sai ya raba burodin tamis ɗinsa biyu ya turo mini rabi.

Akwai haƙƙinsa a wuyana, kuma yau zan faɗa.

Na'urarmu faranti biyu ce, sama da ƙasa, kowanne da wayar da ke ɗaukar siginarsa. In ƙwayar muon, irin da ke zubowa daga sararin sama, ta ratsa su, sai sigina biyu su isa wani akwati da ake kira trigger a tare, shi kuma ya ƙirga. Kwatsam ƙirgen ya faɗi. Wata uku ina tara data marar amfani, supervisor ya fara maganar tsayar da aikina, ke nan in koma gida hannu rabbana.

Na zargi software, na zargi zafin Makka. Muhandis kuwa ya zauna gaban oscilloscope, na'urar da ke nuna sigina a allo, har ya ga sigina ɗaya na makara da nanosakan biyar, ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai ya ɗauko tef ɗin awo irin na tela.

"Ya waladi, ɗana, kak ka wahal da kanka. Waya guda ta ɗara 'yar'uwatta tsawo da mita ɗaya. Bas, shi ke nan."

Tsawon nan ne ke makarar da siginar, kuma ni na canja wayar nan. Ta asalin ta lalace a hannuna, na zaro wata a durowa na jona, ban auna ba, ban rubuta a logbook ba.

A gaban supervisor Muhandis ya ce, "Ni na haɗa wayoyin ga. Tsuhwa ne, a yi haƙuri, ma'alesh."

Na bar shi ya ɗauki laifin. Aka ƙara mini lokaci na gama. Shi kuma aka janye shi daga haɗin trigger, aikin da ya fi so, ana raɗe-raɗin idonsa ya tafi.

Watan jiya na je duba shi, ya rame sosai. Na ce, "Muhandis, maganar wayar nan..."

Ya ɗaga hannu. "Khalas, ya wuce. Mi ya kawo wagga magana? Sha shayinka."

Na sha kuwa, har ina jin daɗin an sake rufa mini asiri. Abin da ke cin raina ke nan.

'Yan lab ɗinmu, ku ji da kyau: Muhandis bai taɓa kuskuren wayar nan ba. Ni ne.

Za a yi masa salla a Harami bayan La'asar. Allah Ka jiƙansa, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini, Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.