Aleyamma Chechi da Fom Ɗin da Na Ce Na Kai

Ranar Asabar, tara ga watan Maris, ina kan sikeli ina auna ɗanyen roba a shagon da nake aiki, sai ƙararrawar cocinmu ta fara bugawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in tambaya, wani mai kawo kaya ya ce Aleyamma ta gidan waya ce, zuciyarta ta tsaya bayan ta dawo daga addu'ar safe. Shekararki saba'in da huɗu, Aleyamma. Na rubuta wannan a littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, na kuma rubuta ƙarfe goma da kwata, amma ban tabbata ba. Mai yiwuwa da rabi ne.

Chechi, wato yaya a harshenmu, haka duk garin Pala ke kiranki, babba da yaro, domin kin zame mana yaya. Shekara talatin da wani abu kina bi gida gida da laimarki, kina karɓar ɗan abin da mutane suka tara, kina kai musu asusun ajiya a gidan waya. Shekarar da kogi ya shigo gari, da aka zo fitar da ke da kwalekwale, ba ki ɗauki ko zane ba. Littattafan ajiyar mutane kika ɗaure a leda kika ɗora a ka. Waɗanda suka jiƙa, kika bi su shafi shafi da dutsen guga.

Ke kika buɗe mini asusun nan na shekara goma sha biyar, wanda haraji ba ya taɓa ribarsa, 'yata Anumol tana koyon tafiya. Wata rana na kawo miki kuɗin ajiya ranar shida ga wata, kika dube ni ta saman tabarau.

"Skaria, ɗan nan, ka yi wa gwamnati kyautar wata guda. Ta gode."

Ban gane ba. Kika zaunar da ni, kika zubo mini dafaffen rogo da baƙin kofi, kika ce abin da ya shiga bayan biyar ga wata, ba a lissafa masa ruwan watan. Tun daga ranar ban sake makara ba.

Ba ki taɓa ce wa kowa ga inda zai sa kuɗinsa ba. Takarda kike jawowa ki raba ta gida gida. Nawa ne ruwan? Nawa haraji zai yanka? Yaushe za ka iya taɓawa? Sai tambayar ƙarshe, wadda kike yi a hankali: in ka je wata safiya ka tarar da kwaɗo a ƙofa, wa zai biya ka?

Yanzu sai abin da ya sa na zauna rubutun nan, wanda na fara sau huɗu ina yagewa.

Bara, a watan Afrilu, asusuna ya cika shekarunsa. Kika jawo takarda kamar kullum. Gidan waya, kashi bakwai da ɗigo ɗaya cikin ɗari, babu haraji, amma in na tsawaita, shekara biyar ce, sau ɗaya kawai a shekara zan iya cira. Banki ya ɗan fi a baki, amma da an yanke haraji sai ya koma ƙasa. Kika cike mini fom ɗin tsawaitawa, na sa hannu. Kika ce shekara ɗaya ake bayarwa, in ta wuce ban kai ba, ba zan ƙara zuba ko rupi ɗaya a ciki ba. Na miƙo miki, kika ture.

"Wannan kai za ka kai. Gwiwata ta gaji, kai kuma ka kusa arba'in da biyar ba ka taɓa tsayawa gaban kantar gidan waya ba. Cinye ka za su yi?"

Ban kai ba, Chechi. Da kika tambaye ni a ƙofar coci bayan mako biyu, na ce na kai. Kika ce madalla, kika wuce. Ga shi nan a littafina, ashirin da uku ga Afrilu: "Na yi wa Chechi ƙarya."

Dalilin shi ne Joppan, yayan matata. Ya zo mini da maganar wani kamfanin kuɗi mai bene uku a bakin kasuwa, mai ba da kashi goma sha biyu. Anumol tana son karatun jinya. Na yi lissafi ya fi sau ashirin: da kashi bakwai, kuɗin ba zai kai ƙarshen karatun ba, shekara guda za ta rage. Da goma sha biyu zai kai. Wannan kuɗin shi ke nan abin da na mallaka. Ba ni da gona, ba ni da ɗan'uwa a Dubai.

"Suruki, kai da tsohuwar nan sai ku mutu kuna ƙirga kwabbai," in ji Joppan. "Shekara uku ina karɓar ribata, ko rana ɗaya ba su makara ba. Har kalanda suna bayarwa!"

Wata goma sha ɗaya ina tsakanin biyu. Ban cire kuɗin ba, ban kai fom ɗin ba. In na hango laimarki sai in canza hanya. Kullum ina cewa gobe zan zo in faɗa miki gaskiya, ki ja takarda, ki sa kamfanin kusa da gidan waya da banki, in ji abin da za ki ce. Ban taɓa kawowa a raina cewa goben za ta ƙare kafin wa'adin ba.

Da muka dawo daga binne ki, tsoron da ya kama ni ban taɓa jin irinsa ba. Saura kwana ashirin, ranar ƙarshen ma ta faɗa Lahadin Ista. Joppan yana kira safe da yamma. In na bi shi kamfanin ya rufe, na kashe wa yarinyar nan karatu da hannuna. In na ƙi, wataƙila tsorona ne ya kashe shi. Kuma babu wanda zan tambaya.

Ranar Talatar da ta wuce na ja takarda da kaina. Layukan sun karkace. Na cike gida uku na kamfanin ba wuya. Da na zo na huɗu, na kira Joppan na tambaye shi wa zai biya. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai matsoraci ne." Na ajiye wayar. Gida na huɗu ya zauna babu komai a ciki.

Washegari na tafi gidan waya. Na tsaya layin da ba nawa ba, aka mayar da ni. Matar da ke kanta ta karɓi fom ɗin, ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan rubutun Chechi ne," ta ce. Ta share ido da gefen sarinta, zanen da ta yafa, sannan ta buga hatimi.

Ban san ko daidai na yi ba. Shekarar nan guda tana nan ba ta da kuɗi. Na faɗa wa Anumol komai. Ta ce za ta nemi bashin karatu a shekarar ƙarshe, ta kuma ce in rubuta wannan, in daina ɓoyewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Thankachan da iyalinsa, da jikokinki, da dukan gidajen da kika taka ƙofarsu. Allah ya ba su haƙurin rashinki. Ubangiji ya ji ƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya tashe ki cikin bayinsa masu aminci. Ni kuma, Chechi, ki yafe mini. Na makara wata goma sha ɗaya, amma yanzu in kin tambaye ni, na kai.