Ruwan Ɗanwake a Tukwanen Ciyawata

Bincikena a Manchester kan abu ɗaya ne: yaya yawan gishirin da ƙasar makiyaya a kan manyan duwatsun Turai za ta iya ɗauka kafin ciyawa ta fara mutuwa, alhali shanu na cinta. Shanu kam babu su a jami'a, sai ni da almakashi. Duk mako in bi tukwanen ciyawata ina datse musu kai. Abokan zamana a unguwar Old Trafford har Saniya suke kirana, 'yan banza.

Wasu tukwanen ina ba su ruwan gishiri a aune, wasu ruwa zalla, babu gishiri ko ɗis. Digirina na dakta gaba ɗaya a kan wannan bambancin ya tsaya.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka iso kanmu. Aka ce za a rufe ɗakin gilashin da muke rainon shuka, kowa ya san inda zai kai kayansa. Flat ɗinmu ko tagar kirki babu. Na ɗauki hayar mota na kwashe tukwanen zuwa unguwar Sparkhill, ƙarƙashin rumfar bayan gidan ƙanwar babana, wadda ta daɗe a Birmingham.

"Gwaggo, don Allah kada a taɓa. Ni zan riƙa zuwa ina ba su ruwa."

"To ɗan nan, ciyawa ce fa, ba jariri ba."

Gwaggo ba ta zubar da ruwa a rariya, haka aka tashe ta. Na alwala, na wankin shinkafa, duk gindin shuka suke tafiya. Ga ta da son ɗanwake. Ran nan na shigo na tarar tana bin tukwanena ɗaya bayan ɗaya da ruwan da ta dafa shi, mai kuka da kanwa. Innalillahi! Kanwa ai gishiri ce. Ta ce ta daɗe tana yi, don ta ga sun rame. Na zauna a dandaryar ƙasa.

Malamina ya ce babu kuɗin sake farawa, tallafin karatuna kuma ya zo ƙarshe. Ƙaramar takarda aka ba ni, ba wadda na bar gida dominta ba. Wallahi abin yana cina har yanzu.

Ban taɓa gaya mata ba. In na buga mata waya sai ta ce, "Dakta na kaina!" ta shiga ba baƙinta labarin yadda ta raini karatun nan da hannunta. Ni kuwa sai in ce, "Na'am, Gwaggo."