Ranar da Baba ya shiga gaban kyamara

In dai ina da rai, ba zan manta da wata Laraba a farkon damina ba, ranar da muka je ɗaukar fim a Nahuce, garinmu.

A lokacin shekarata biyu a Gusau, ina aiki a wani kamfanin wasan kwaikwayo da shirya fina-finai, wanda wani tsohon ɗan wasa ya kafa. Maigida muke ce masa. Tun da na bar gona na bi shi, mahaifina ya daina yi mini magana. Ko na gaishe shi, kai kawai yake kawarwa.

Da na ji inda za a je, sai da na roƙi Maigida a canja gari. Ya ce, "Matsayin manomi na ba ka, kuma can ƙasar ta fi kyau. Shiga mota."

Bayan azahar aka ba ni garma, aka fara ɗauka. Jama'a sun kewaye gonar. Ina cikin huɗa, hankalina na kan maganar da zan faɗa, sai na ji murya a bayana.

"Kai! Hakanga nik koya maka huɗa?"

Baba ne, ya jingine kekensa a gindin ɗorawa. Ya ratso mutane ya karɓe garmar, ya naɗe hannun riga. Mai kyamara zai kashe, Maigida ya yi masa alama ya ci gaba. Baba ya ja kunya guda, miƙaƙƙiya har bakin gona, ya dawo yana haki ya miƙo mini.

"In za ka nuna ma duniya manomi, nuna shi daidai. Kak ka ba mu kunya."

Na sake yi yana tsaye a kaina, har sau uku. A na ukun ya gyaɗa kai, ya ce in mun gama in kawo baƙina gida su sha fura.

Baba ya rasu shekara huɗu bayan nan. Ba mu da hotonsa mai motsi sai wannan, kuma 'ya'yana a nan suka san tafiyarsa da muryarsa.

Na daɗe ina zaton sana'ata ya tsana. Ashe tsoronsa kada in raina inda na fito. Tun ranar na koyi cewa in babba ya yi fushi da kai, kada ka yi nisa. Matso ka ji abin da yake tsoro.