Rakiyar Baba Maigadi

Babanmu bai iya zama wuri ɗaya ba. Yana cin abinci zai miƙe ya leƙa ƙofa, har Mama ta ce ko tabarma cizonsa take yi. Aiki ne ya mai da shi haka. Tun yana saurayi yake gadin ma'aikatar harkokin waje, zamanin ministan farko, wanda suke kira Dattijo.

Dattijo ya daɗe da rasuwa, amma har yau ana bin ƙa'idarsa: duk jakadan da ya zo, ko da baran-baran aka rabu, sai mai masauki ya taka masa da ƙafa har bakin ƙofa. Farfajiyar kuwa doguwa ce. Aikin Baba shi ne ya yi ta laluben makulli a aljihu. Ya ce sau da yawa kafin ya "samo" shi, an juya an koma ciki don a sasanta.

Mun sha wannan labari har ya gundure mu. Haushi yake ba ni, domin mai wa'azin sulhun nan ya fi kowa taurin kai a gida. Da Yaya ya ajiye aikin masinja da Baba ya nema masa a ma'aikatar, ya koma walda, Baba ya ce kada ya ƙara kiransa uba. Yaya ya haɗa jakarsa, ya rantse ba zai sake taka gidan ba. Na san shi, ba ya rantsuwar wasa.

Baba ya kai ya kawo a tsakar gida, ya zauna, ya tashi. Da Yaya ya fice, sai ya jawo sandarsa ya bi shi, ga gwiwa a kumbure. Na bi bayansu.

Yaya yana sauri, Baba yana ɗingishi. Wajen masu facin taya Yaya ya rage tafiya.

"Ka koma gida," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba.

"Ban kai ka ba tukuna."

A bakin tasha Baba ya tsaya yana haki, hannunsa yana ta laluben aljihun da ba komai a ciki. Hawaye ya zubo mini.

Yaya ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya miƙo mini jakar, ya riƙe kafaɗar tsohon.

"Mu je, Baba. In raka ka."