Goggo Mai Lauje da Ciyawar Tafki

Kafin a fara kiranta Mai Lauje, goggona bandar kifi take yi a bayan ɗakinta. Mijinta masunci ne. Sai kachalla ta mamaye tafkin, wata doguwar ciyawa da ba wanda ya shuka, ta toshe hanyar kwalekwale, kifi ya yi wuya. Mijin ya rasu, murhun banda ya huce. Babban ɗanta ya zo da mota zai tafi da ita birni.

"Ciyawa ce za ta kore ni daga ɗakina?" in ji ta. "Sauke mini kayana."

A shekarar ne ƙungiyar manoma ta kafa injin lantarki a tsohon sito. Busasshiyar ciyawa ake cusa masa, ta ci da wuta ta tafasa ruwa a tukunyar ƙarfe, tururin ya juya janareta. Amma ba mai son yankan kachallar, saboda laka da matsattsaku. Goggo ta ɗage zane zuwa gwiwa, ta shiga ruwa da lauje. Kaifin ganyen ya tsattsage mata hannu, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Sannu a hankali wasu mata suka bi ta, dammunan ciyawa suka taru a bakin tafki suna shan rana.

Da shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen da ke kwana cikin kachallar suka addabi gonaki. Maza suka yanke shawarar cinna wa kachallar wuta. Iska kuwa wajen dammunan take kaɗawa, wutar za ta haɗa da su. Da hantsi suka iso, ƙanin mijinta a gaba da galan ɗin fetur, suka tarar da Goggo zaune a kan tulin dammunan, ta miƙe ƙafa.

"Matar yaya, sauko, kada ki ba mu kunya."

"Kai da na share wa majina? Ƙyasta ashanar mu gani."

"Shinkafarmu fa za ta ƙare."

"Ni ma shinkafar nake ci. Inda tsuntsayen ke kwana, a nan za mu fara yanka. Ku ajiye galan ku ɗauko lauje, ko ku haɗa da ni ku ƙona."

Rana ta take tana nan zaune, ko ruwa ba ta nema ba. Ƙanin mijin ya yi tsaki, ya ajiye galan, ya tuɓe takalmi. Sauran suka bi shi suna gunaguni.

An yi asarar shinkafa a damanar, kuma har yau akwai masu ɗora mata laifi. Amma injin bai tsaya ba. Firjin asibiti yana sanyi, tela ya sayi keken lantarki. Da sanyin ƙashi ya kama mata gwiwa, ƙungiya ta ce ta zauna a inuwa ta riƙa duba dammuna. Ta ce a ba wani gurgu da ke zama a bakin sito wannan kujera, ya fi ta bukata, ita gobe tana cikin ruwa.