Cikin Da Na Ɓoye Wa Mai Farmasi

Akwai wata Laraba da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Shekara huɗu da aure sannan na samu ciki, kuma a gidanmu na Zongo doka ce, ƙaramin ciki ba a faɗarsa saboda bakin mutane. Na riƙe dokar nan kamar farilla.

Cikin yana wata biyu ƙaiƙayin gaba ya sako ni, ga farin ruwa kamar dusar awara. Ina zaune a shagon atamfarmu na kasuwar Dantokpa ina mutsu-mutsu, ina yi wa masu saye murmushin dole. Na yi kuskuren gaya wa goggon mijina. Kafin azahar duk matan gidan sun zama likitoci. Wannan ta ce in zauna a ruwan bagaruwa, waccan ta ce in cusa tafarnuwa. Maganin matsi na asibiti kuwa duk sun yi ittifaƙi yana lalata mahaifa. Tafarnuwa dai, in ji su, ba ta da laifi, tunda ana sa ta a miya.

Goggo ta raka ni farmasi da kanta. Mai maganin ta ɗauko ƙwaya ɗaya tak, ta ce a sha sau ɗaya an gama, sannan ta dube ni.

"Madam, kina da ciki?"

Goggo na tsaye a kafaɗata, kunnuwanta a buɗe. Na ce babu, har da girgiza kai.

A gida na ɓare ƙwayar, na ɗebo ruwa, sai hannuna ya ƙi kaiwa baki. Me ya sa ta tambaya? Tsoro ya kama ni sosai. Na hau zem, wato acaɓa, zuwa wani asibiti a unguwar Sainte-Rita, inda ba wanda ya san ni.

Na gaya wa ungozomar asibitin ina da ciki, sai ta karɓi ƙwayar ta jefa a aljihun tebur. Ta ce wannan ba a ba mai ƙaramin ciki haka kawai, tana iya jawo ɓari. Ta duba ni, ta rubuta mini maganin matsin nan da majalisar gidanmu ta haramta, na kwana bakwai, ta ce shi ne ba ya taɓa ɗa. Da na ambaci tafarnuwa sai ta tambaya ko ni tukunya ce.

Na dawo na daure na shaida wa Goggo gaskiya. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba.

"Yo wa bai sani ba? Tun ranar da kika fara tofe-tofe muke lissafa miki watanni."

Na ce to me ya hana ta magana a farmasi? Ta ce ai ba a faɗa.

Ashe duk Zongo an sani, mutum ɗaya na ɓoye wa, ita ce kuma mai ba ni magani. Yarinyar da na haifa yanzu tana aji uku. Tun ranar na koyi cewa ko wa zan ɓoye wa ciki, ban da mai miƙo mini abin haɗiya.